Layin da Ke Wuyan Sauro

Wasiƙar farko da maigidana ya aiko mini daga bakin daga ba wasiƙa ba ce, guntun kwalin taliya ne. A tashar Dutsin-Ma na karɓe ta daga hannun wani direba mai jigilar Katsina. Na ƙi buɗewa a gaban mutane, na soke ta cikin hijabi, na taho gida da sauri kamar wadda ta ɗebo garwashi. Kafin in iso na riga na gama karanta ta a zuciyata. Na san da hasken idanu za ta fara, na san za a ambaci wata da taurari, da yadda barci ya ƙaurace masa. Tun ina aji biyu a sakandare nake hayar littattafan soyayya a wata rumfa bayan 'yan atamfa, kuma a cikinsu ban taɓa gamuwa da namijin da ya yi tafiya bai rubuto shafi huɗu ba.

Da na farke ambulan sai ga zane. Wani ramammen soja ne mai manyan kunnuwa zaune a kan buhun yashi, takalminsa ya yage ta gaba ya wangame baki, shi kuma yana ɗura masa shinkafa da cokali. Daga kunnuwan na gane kansa ya zana. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: SHI MA YA YI FARETI. Na juya kwalin, babu komai sai hoton taliya. Na zazzage ambulan, ko tsinke bai faɗo ba. Watanmu biyar da aure aka tura su gabas, inda babu sabis ɗin waya, na yi wata biyu ina jira, abin da na samu ke nan: takalmi yana cin shinkafa. Na yi kuka har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko rasuwa aka yi. Na miƙa mata kwalin. Ta yi dariya har ta zame ta zauna a dokin ƙofa.

A wuyan sojan akwai wani siririn layi da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Layin na san shi tun muna zance. Mahaifinsa malamin allo ne a Rawayau, kuma ba ya son zanen abu mai rai. Shi kuwa tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ko gawayi ya samu sai ya fitar da jaki ko zakara a bango. Da faɗa ya ƙi yin magani, Malam ya zaunar da shi suka yi sulhu: ya yi zanensa, amma duk abin da ke numfashi ya ja masa layi a wuya, ya raba kai da gangar jiki, don kada ya zama cikakkiyar halitta. Malam da kansa ya kama hannunsa ya nuna masa yadda zai ja. Ya girma, ya yi boko, ya shiga soja, bai taɓa fasawa ba. Ko ni da ya zana a bayan katin bikinmu sai da ya ja mini, na yi kwana biyu ba na yi masa magana.

Daga nan kwalayen suka riƙa zuwa, wani lokaci bayan sati uku, wani lokaci wata. Sojan da ya sami hutu ne ke fito da su, ya ba direba, direba ya ba direba, har su iso tasharmu sun sha maiƙo da gumi. Duk ranar da na karɓa, washegari sai in shiga mota in sauka a mararraba, in hau acaɓa zuwa Rawayau, domin Inna, mahaifiyarsa, ta ce kada in kuskura in ci dariyar ni kaɗai.

"Kawo mu gani, me mutumin naki ya ƙirƙiro kuma?" Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

Ranar nan sauro ne mai igiya uku a hannu, ya tsaya da littafi yana kiran sunayen sojoji, kowa na miƙo damtse. Inna ta kai kwalin kusa da ido, ta janye, ta sake kawowa.

"Ke dubi ja'irin nan! Har sauron ma sai da ya yanka shi. Ina ya ga wuyan sauro?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta share da bakin zane. Sai ta ɗora yatsa a ƙirjin sojan mai kunnuwa, ta fara ƙirga haƙarƙarinsa a hankali.

"Wancan karon huɗu ne. Yau biyar. Yunwa ce, ɗiyata, ba wasa ba. Ɗauko mini turmi."

Haka ta mayar da zanen ma'auni. In haƙarƙari ya ƙaru, ranar sai mun yi ƙuliƙuli da dakkuwa da yaji, in koma Dutsin-Ma da ƙulli a kai ina warin gyaɗa.

Malam kuwa a zaure yake wuni. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, kai a ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba, rawaninsa da yatsun ƙafarsa kawai na sani. Inna ce ke kai masa kwalayen, wai ya sa albarka. Ina jiyo shi yana cewa shi ba ya kallon irin waɗannan abubuwa. Amma kwalin yakan daɗe a can fiye da yadda albarka ke buƙata, in ya dawo kuma saƙon ɗaya ne kullum: "To, ya dai kiyaye."

Ni ma ina rubuta masa, kuma ni ba na wasa. Shafi takwas na taɓa cikawa, na fesa wa takardar turare, na kira shi da sunayen da ko a gaban madubi ba zan iya maimaitawa ba. Na ce ina roƙonsa kalma ɗaya tak ta masoya, ko aro ce. Amsar da ta zo zane ce: ana tafka ruwan sama, soja mai kunnuwa yana cikin rami ya yi rumfa da wasiƙata, sojoji uku sun cusa kai a ƙarƙashi, na huɗun a waje yana rawar sanyi. A ƙasa: A ƘARA SHAFI, SAJE NA JIƘEWA.

Inna ta kusa shiɗewa don dariya. Ni kuwa na ɗaure fuska, na koma gida na ce wannan karon ba zan ba da amsa ba. A littattafai, in mace ta yi shiru namiji rikicewa yake yi, ya rubuto ban haƙuri mai sa dutse kuka. Na aika da ƙullin Inna ba tare da ko layi ɗaya ba, na zauna jiran ban haƙurina.

Sati uku, shiru. Wata ɗaya, shiru. A daidai lokacin ne kuma aka katse layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, sai mutum ya je Katsina kafin ya kira wani. Sau biyu ina zuwa, ina tsayawa a bakin titi ina kiran lambarsa, ana ce mini a kashe take. Da ma kullum a kashe take, saboda haka ban ƙaru da komai ba sai ciwon ƙafa. Zama ya gagare ni. In ɗauki littafi, in kai inda saurayi ya tsaya a ƙofar gida, in ajiye. In share ɗaki, in sauya wa gado wuri, in mayar da shi inda yake. Kafin azahar na isa tasha, bayan la'asar na sake komawa. 'Yan kamasho suka daina jiran in tambaya, tun daga nesa sai ɗaya ya ɗaga hannu.

"Matar soja, yau ma babu!"

"Ko an ba wani direban daban?"

"Hajiya, ko tantabara aka ba sai ta sauka nan tukuna."

A sati na bakwai ambulan ya iso. Ban iya jira ba, a jikin wata mota na jingina na farke. Zane uku ne, kuma ba a kwali ba, a farar takarda mai kyau. Ga soja mai kunnuwa yana wanka da ledar ruwa guda ɗaya, ƙadangare na riƙe masa tawul. Ga kwanon wake, ƙwarin ciki sun fito sun jera sahu suna sara masa. Ga shi a ƙolin bishiya ya ɗaga waya yana neman sabis, ungulu a gefensa ita ma da tata wayar. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba, har wani ɗan kamasho ya ce a ba shi tukuici. Na ce a raina hannunsa ma ya ƙara faɗawa. Ban koma gida ba, na faɗa motar Kurfi.

Sai da muka bar kwalta, ina bayan acaɓa, gero ya rufe hanya hagu da dama, sannan wani abu ya fara sukata. Ban san mene ne ba. Kamar mutum ya fito ya manta ko ya kashe murhu. Ina ta jujjuya ƙadangaren nan a zuciyata, tawul ɗinsa, jelarsa, kansa da ya ɗaga. Wuyansa.

"Malam, tsaya."

"Lafiya, Hajiya? Nan ba wurin tsayawa ba ne, kin san halin da ake ciki."

"Don Allah tsaya."

Ya tsaya a gindin wata tsamiya bai kashe inji ba. Na zaro takardun. Wuyan sojan sumul. Na ƙadangare sumul. Ungulu mai dogon wuya, inda ko makaho zai ga wurin ja, babu komai. Mutumin da ya nemo wuyan sauro ba zai manta da na ungulu ba. Kunnuwan nasa ne, barkwancin irin nasa ne, manyan baƙaƙe kuwa kowa na iya yin su. Amma ba shi ya yi zanen nan ba. Wani ne ya zauna ya kwaikwaye shi, kuma ba a kwaikwayon mutumin da ke zaune lafiya da hannunsa.

Sai na tuna Inna tana can ta shimfiɗa tabarma, da Malam da zai karɓa ya ce ba ya kallo. Na lalubo biro baƙi a jakata, na ɗora takardun a kan sirdin babur, na fara ja. Soja, ƙadangare, soja, ungulu. Ƙwarin wake goma sha ɗaya ne, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yanka su, hawaye na ɗiga ina karewa da hijabi kada ya ɓata takarda.

"Hajiya, in jarrabawa ce ki bari mu isa gari," in ji ɗan acaɓan.

Inna ta karɓa ta yi dariya, ta tafa hannu, ta kira shi ja'iri sau uku. Ta tashi ta kai wa Malam. Na zauna ina kallon kaji. Takardun suka daɗe, suka wuce daɗewar da suka saba. Da Inna ta dawo hannunta babu komai.

"Malam na kiranki."

Tunda aka kawo ni gidan nan gaisuwar farko, bai taɓa kirana ba. Na shiga zauren na durƙusa can bakin ƙofa. Ya ce in matso. Na matsa kaɗan. Takardun na shimfiɗe a kan buzunsa, kusa da tawada.

"Ɗiyata, wa ya ja layin nan?"

Ya nuna wuyan ungulu, ya ci gaba.

"Alƙalami inda ya sauka ya fi nauyi, inda ya tashi ya fi siranta. Na tsufa ina duba alluna. Yaron nan ni na kama hannunsa, kuma daga dama muke tasowa, kamar rubutu. Wannan daga hagu ya taso, duka. Hannun 'yan boko ne." Ya nuno mini yatsa. "Kuma tawadar ba ta gama bushewa ba, ga ta a yatsana."

"Ni ce, Malam." Muryata ta fito kamar ta wata. "A hanya na ja. Haka suka zo babu."

Na ɗaga ido karo na farko na ga fuskarsa. Ashe a wurinsa aka gado kunnuwan.

"Hannu biyu ne a takardar nan," ya ce, "kuma babu nasa a ciki."

Sai kukan da na riƙe tun daga tsamiya ya ƙwace. Na ce laifina ne, ni na ƙi ba shi amsa, na yi masa shiru da gangan don ya rubuto mini kalaman littafi. Ban san yadda aka yi na faɗa wa surukina wannan magana ba.

"Shirunki ba harsashi ba ne," ya ce. "Share hawayenki kada ta jiyo. Wanda ya yi zanen nan, ko dai yaron ne ya sa shi, ko kuwa tausayinmu ya ji don ya san abin da ba mu sani ba. Ɗayan biyu ne, kuma zato ba zai raba mana ba. Ke kika iya rubutu. Rubuta wa mai zanen." Ya miƙo mini takardun, ya ƙara da cewa, "Kada ki tsawaita. An ce mini naki har rumfa ake yi da shi."

A nan zauren na rubuta, a bayan wata takarda da ya yago mini. Ita ce wasiƙa mafi gajarta da na taɓa yi: Bawan Allah mai zane, mun gode. Ka manta layin wuya. Ina mai hannun? Ko mene ne, faɗa mana.

Da zan tafi Inna ta rako ni har bakin hanya da ƙulli. Na ɗauka na ji nauyinsa ba irin na kullum ba ne. Zuma ce da man shanu da garin kunu.

"Inna, yau babu ƙuliƙuli?"

"Wannan ya fi sauƙin haɗiya." Tana gyara mini ɗaurin ƙullin ba ta dube ni ba. "Sojan nan na takarda ya yi ƙiba. Haƙarƙari ko ɗaya ban gani ba."

Ta juya ta shige gida kafin in buɗe baki.

Kwana goma sha tara na yi ina jira, kuma ban iya tuna abin da na ci a cikinsu ba. Na mayar wa mai rumfa littattafansa ban karanta ba, ya tambaya ko ba su yi daɗi ba ne, na ce a cikinsu kowa ya san inda masoyinsa yake. In na ga mota mai launin sojoji ta shigo gari sai in bi ta da ido har ta wuce kwanar unguwarmu, sannan in saki numfashi. 'Yan kamasho suka daina yi mini ba'a. Wannan ya fi ba'ar ciwo. Wata rana na tsinci kaina a bakin dam ina kallon ruwa, ban san me ya kai ni ba, na juyo na koma tasha.

Ranar da saƙon ya zo ana yayyafi. Direban da kansa ya fito ya miƙo mini, ya tsaya bai koma mota ba. Takarda biyu ce. Ta farko rubutu ne na wani kofur, abokin raminsa. Ya ce motarsu ta taka abin fashewa, shi ya ji rauni a ƙafa, maigidana a hannun dama, yatsu biyu sun tafi, suna kwance gado da gado a asibitin sojoji. Wayar maigidana ta salwanta a wurin. Ya ce maigidana ne ya hana a gaya mana, shi ke faɗin abin da za a zana, kofur yana zanawa. Maganar layi kuwa, da aka karanta wa maigidana wasiƙata sai ya ce wallahi bai san yana jan sa ba, hannun ne ke yi da kansa. A ƙarshe kofur ya nemi gafara, ya ce zumar ta iso, rabi nas-nas sun ƙwace.

Takarda ta biyu zane ce, in za a kira ta zane. Kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kai. Da ƙyar na gane gado, da wani abu mai kunnuwa a kwance, hannunsa ɗaya an naɗe shi ya yi girman taɓarya, da nas riƙe da allura mai tsawon mashi. Daga ƙarƙashin matashi wasu takardu sun leƙo, ya rubuta musu lamba takwas a karkace, adadin shafukan wasiƙata. Da hannun hagu ya yi. Layin wuyan ya karkace, ya yi rawa, ya zarce ya yanke nas ɗin ma ya fita daga takarda.

Na zauna a kan bencin 'yan kamasho ina dariya ina kuka, ruwa na sauka a kaina.

"Matar soja, tukuici ko ta'aziyya?" ɗayansu ya tambaya a hankali.

"Tukuici," na ce. "Akwai motar Kurfi?"

A Rawayau ban tsaya gaisuwar nesa ba, na shiga zaure kai tsaye na karanta musu wasiƙar kofur, Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Da na kai wurin yatsun, Malam ya yi salati a hankali, Inna ta dafa bango. Sannan na miƙa zanen. Malam bai ce ba ya kallo ba. Ya kai shi wurin haske, ya ɗora yatsa a kan layin, ya bi shi tun daga inda ya sauka har inda ya fice.

"Daga dama ya taso," ya ce.

Inna ta karɓe takardar daga hannunsa. Ta kai kusa da ido, ta janye, ta sake kawowa. Leɓenta na motsi tana ƙirga wasu karkatattun zare-zare a ƙirjin mai kunnuwan.

"Shida," ta ce. "Shi ne. Tashi, ɗiyata, ɗauko mini turmi."